Kabarin Baƙo da Alhakin Ɗan Gari: Darasi Daga Iyalan Sinawa

Lacca ga jama'ar Darna Sabon Gari, ƙaramar hukumar Illela, jihar Sakkwato

 



Gabatarwa

Maganarmu ta yau a kan Sinawa ce, waɗanda suka bar ƙasarsu suka tafi neman abinci, da yadda jikokinsu ke gano su bayan shekaru masu yawa ta hanyar abu biyu: dutsen kabari da fim. Na san wani zai tambaya a ransa, ina ruwan mutumin Darna da kabarin Basine? Ruwanmu a ciki yana da yawa. Mu mutanen bakin iyaka ne. Ƙonni tana nan kusa da mu, kuma duk ranar Lahadi kasuwar Illela na tara Adarawa, Gobirawa, Fulani, Buzaye, Zabarmawa, Yarbawa da Ibo. Cikin waɗanda suka riƙa zuwa tun zamanin kakanninmu akwai waɗanda ajali ya riska a nan, muka yi musu sutura, ba tare da an rubuta ko su wane ne ba. Namu ma da yawa sun tafi ba su dawo ba.

Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne wannan: duk wanda ya zauna a gari ya ci, ya sha, ya yi aiki, ya mutu, yana da haƙƙin a san sunansa da inda ya fito, kuma sauke wannan haƙƙi yana wuyan 'yan gari.

Abin da Basine ke rubutawa a kan dutse

Daga tsakiyar ƙarni na 19 talauci da yaƙe-yaƙe suka riƙa korar mutanen kudancin Sin, musamman na lardin Guangdong, zuwa ƙetare. Wasu sun tafi haƙar zinari a Kalifoniya da Ostireliya. Wasu suka fasa duwatsu suka shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Amurka, wanda aka haɗa a 1869. A nan Afirka, daga 1904 an kwaso Sinawa sama da 60,000 zuwa ramukan zinari na Afirka ta Kudu.

Ɗan ci-ranin Sin na wancan zamani yana tsoron mutuwar da ba mai share kabari fiye da yadda yake tsoron yunwa. Saboda haka 'yan gari ɗaya kan kafa ƙungiya, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu. Idan ɗayansu ya rasu, sai a binne shi na wucin gadi. Bayan wasu shekaru a tono ƙasusuwan, a tsabtace su, a sa a akwati da sunansa, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Hong Kong. A can asibitin Tung Wah yana da wani gida a unguwar Sandy Bay tun 1899, wanda aikinsa shi ne ajiye waɗannan akwatuna har a sami mai kai su ƙauyukan masu su. Yaƙi da Japan da kuma juyin juya halin 1949 ne suka toshe wannan hanya, sai kabarin wucin gadi ya zama na dindindin.

A nan ne dutse ya ɗauki aikin. Dutsen kabarin Basine dogo ne siriri, rubutunsa daga sama yake saukowa ƙasa. A tsakiya akwai sunan mamaci da manyan haruffa. A gefe ɗaya akwai gundumarsa da ƙauyensu. A ɗaya gefen akwai ranar rasuwa, wani lokaci har da sunayen 'ya'yan da suka kafa dutsen. A kudancin Sin sukan gina kabari a gefen tudu, su kewaye shi da ɗan bango mai siffar kujera, su sassaƙa furanni da tsuntsaye. A makabartun ƙetare sukan gina murhu na musamman don ƙona takardun sadaukarwa. Wanda suka gina a makabartar Evergreen ta birnin Los Angeles a 1888 yana nan tsaye har yau. Kowace shekara kuma, ranar 4 ko 5 ga Afrilu, lokacin bikin da suke kira Qingming, iyali kan fita su share kaburbura, su cire ciyawa, su sabunta fentin rubutu.

Ƙona takarda da ajiye wa mamaci abinci ba aƙidarmu ba ce, kuma ban zo in tallata ta ba. Abin da nake so ku riƙe layi ɗaya ne a jikin dutsen, wato sunan ƙauye. Mutum ya mutu a nisan dubban mil, amma ya bar wa jikan da bai taɓa gani ba adireshin gida.

Iyali ɗaya a Misisipi

Ga misalin yadda wannan ke aiki. A 2020 wata mai shirya fina-finai, Larissa Lam, da mijinta Baldwin Chiu, suka fitar da wani fim na gaskiya mai suna Far East Deep South. Labarin gidan su Baldwin ne. Mahaifinsa an haife shi a Sin, ya taso bai san ubansa ba, sai dai an ce masa ya mutu a Amurka. Ya zo Amurka yana yaro, ya girma, ya haifi 'ya'ya a Kalifoniya, bai kuma taɓa son a ɗaga maganar uban ba, don a ganinsa uban ya watsar da su ne.

Da tsufa ya kama shi, 'ya'yansa suka lallashe shi suka tafi jihar Misisipi, garin Cleveland, don su ga kabarin kakansu. Niyyarsu su tsaya, su ajiye fure, su juya. Sai tafiyar ta buɗe musu ƙofa. A jami'ar Delta State da ke garin akwai ɗan gidan tarihi na Sinawan yankin, a can suka tarar da wani tsohon Baibul na kakan. A ƙauyen Pace, inda ya yi kanti, suka sami tsofaffi, baƙaƙe da farare, da suka san shi suna yara, suna ba da labarin kirkinsa. Daga nan suka bi takardun hukuma, suka gane abin da ya raba uba da ɗa. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana Sinawa leburori shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943, kuma a ƙarƙashinta da dokokin da suka biyo bayanta kawo mata da 'ya'ya ya zama abu mai matuƙar wuya. Sinawan Misisipi suna zaune ne a tsakanin fari da baƙi, kantunansu a unguwannin baƙaƙen fata, kuma a 1927 kotun ƙolin Amurka ta goyi bayan hana wata yarinya Basiniya shiga makarantar farare a garin Rosedale.

Dattijon da ya shekara da shekaru yana riƙe da ubansa a zuci ya gane cewa doka ce ta shiga tsakaninsu. An nuna fim ɗin a gidan talabijin na ƙasa a 2021, mutane da yawa da ba su taɓa sanin akwai Sinawa a kudancin Amurka tun ƙarni na 19 ba suka sani. Ku lura da yadda abubuwa uku suka taimaki juna. Kabari ya nuna wuri. Tsofaffin gari, waɗanda ba danginsa ba ne, suka riƙe halin mutumin. Kyamara ta ɗauke su kafin su ma su tafi. Da ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, da labarin ya tafi ke nan.

Sinawan da suka zauna a Arewa

To mu dawo gida. Da yawa suna ɗauka zuwan Sinawa ƙasar Hausa ya fara ne da babur ɗin Jincheng da wayar Tecno. Ya girmi haka nesa ba kusa ba. Tsofaffinmu masu rediyo sun san sashen Hausa na Rediyon Sin tun 1963, kafin ma Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing a watan Fabrairun 1971.

A 1964, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wani mai masaƙa daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa kamfanin United Nigerian Textiles a Kaduna. An haife shi a 1914 a lardin Zhejiang, ya koma Hong Kong da sana'ar rini. Masaƙarsa ta unguwar Kakuri a Kaduna ta girma har ta zama cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, rukunin kamfanin ya kai Funtuwa da Gusau. Audugar da manoman Katsina da Zamfara suka noma nan take zuwa, atamfar da ta fito daga nan kuma ta bi ta wannan iyaka tamu zuwa Ƙonni da Tawa. Cha ya rasu a 2007, a shekarar kuma masaƙar Kaduna ta rufe, dubban ma'aikata suka koma gida hannu rabbana.

A Kano akwai iyalin Lee, da suka zo tun shekarun 1960, masu masana'antun roba da silifa. A Legas akwai iyalin Tung, da suka fara da ƙera kwanuka masu fenti. Iyayenmu mata da ke zaune a nan sun fi ni sanin irin waɗannan kwanuka. Ku tuna ɗakin amarya na da: langa da fanteka da kwanon sha an jera su daga ƙasa har kusa da rufi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, jajayen furanni suna ɗaukar ido idan an kunna aci-bal-bal. Da yawan kwanukan nan daga masana'antun Sinawa suka fito, na Hong Kong ko na nan gida. Zaman ya yi nisa har a watan Afrilun 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa, Mike Zhang, sarautar Wakilin 'Yan China.

Shekara sittin ke nan ana cuɗanya. Akwai injiniyoyi da masu rini da akantoci da suka tsufa a Kakuri da Sharaɗa da Bompai, akwai 'ya'yansu da suka tashi suna jin Hausa. Akwai kuma dubban Hausawa da suka yi aiki tare da su, waɗanda yanzu furfura ta rufe su. Wannan labari yana nan yana jiran mai ɗauka, kuma masu ba da shi suna raguwa kowace damina. Tanzaniya ta riga mu. Sinawan da suka mutu wajen gina layin dogon TAZARA mai tsawon kilomita 1,860, tsakanin 1970 da 1975, suna da makabarta ta musamman a Darussalam, kowa da sunansa, har shugaban Sin Xi Jinping ya ziyarce ta a 2013.

Ƙorafin da ke zukata

Ba zan wuce ba tare da na taɓo abin da na san yana ran wasunku ba. 'Yan Kantin Kwari sun daɗe suna kuka cewa Sinawa sun shigo har cikin kasuwa suna sayar da yadi kai tsaye. Marinan Ƙofar Mata sun ga yadda shadda da atamfa masu arha suka janye musu ciniki. Ku da kanku a kasuwar dabbobi kun ga yadda neman fatar jaki don kai wa Sin ya sa jaki ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye, har Nijar ta hana fitar da jakai a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Duk wannan gaskiya ne.

Amma tarihi ba waƙar yabo ba ce. Mai rubuta shi yana rubuta masaƙar da ta ciyar da gidaje, ya kuma rubuta kayan da suka kashe ta, ko da duka biyun daga ƙasa ɗaya suka fito. Wanda bai ajiye labarin yadda aka gina Kakuri ba, ba zai iya bayanin yadda ta rushe ba, balle ya san yadda za a tashe ta. Adalci ga baƙo da kare haƙƙin ɗan gari ba sa karo da juna. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana sai ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. A nan Sakkwato, Baturen nan Hugh Clapperton ya rasu ranar 13 ga Afrilun 1827 yana baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka bar abokin tafiyarsa ya binne shi a bayan gari bisa addininsa, kuma har yau akwai titi mai sunansa a cikin birni.

Mu ma baƙi ne a wani wuri

Bahaushe ya fi kowa sanin zafin baƙunci. Fataken goro sun kafa zango-zango daga Salaga zuwa Kumasi da Akara. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Wace zuriya ce a ƙasar nan ba ta da wani kaka da ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba? Yau kuma 'ya'yanmu suna Guangzhou suna saro kaya. Cikinsu akwai masu sallar Juma'a a wani tsohon masallaci da ke kusa da kabarin da Musulmin Sin ke danganta wa sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Malaman tarihinmu sun tabbatar a Madina aka binne Sa'adu, amma abin lura shi ne mutanen garin sun yi ɗaruruwan shekaru suna kula da kabarin wani baƙo Musulmi da ya zo musu ta teku.

Yanzu ku biyo ni makabartar garinmu. An haƙa uwar kabari, an fitar da 'yar ciki daidai kafaɗa. An kwantar da mamaci a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, an jera itace ko fasassun tukwane, an toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, an tara tudu, an ɗora ƙaya saboda dabbobi. Wani ya kafa guntun tukunya ta wajen kai. Wannan sauƙi abin alfahari ne, don sarki da talaka ɗaya suke a nan. Sai dai bayan damina biyu ko uku tudun ya kwanta, guntun tukunyar ya gangara, sai ka ga ɗa yana zagaye yana tambayar mai gadin makabarta ina ne wurin ubansa. Idan ɗan gari ya rasa, ina ga jikan baƙo da zai zo daga Agadas ko Ilori bayan shekara hamsin?

Mu a baki muke ajiye tarihi: a kirari, a salsalar da tsohuwa ke jero wa jikoki, a bakin maroƙa da sanƙira. Hanya ce mai daraja, amma kamar rumbu ne da ba jinka, kowace shekara ruwa na cin wani abu daga ciki. Mun kuma ga abin da fim zai iya ceto wa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau zuriyar waɗanda abin ya shafa ba su manta ba. Med Hondo ya yi fim ɗin Sarraounia a 1986 a kan turjiyar Sarauniyar Lugu. A 2020 Rob Lemkin ya fitar da African Apocalypse, inda mutanen garuruwan da rundunar ta bi suka faɗi da bakinsu abin da kakanninsu suka gaya musu, daga baya aka mayar da shi Hausa. Labarin da ya yi sama da ƙarni yana yawo a zaure ya isa kunnen duniya.

Abin da za mu iya yi

Addininmu ya shata mana iyaka. Hadisin Jabir a cikin Muslim ya hana shafe kabari da gini a kansa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi gargaɗi mai ƙarfi a kan bidi'o'in makabarta. Amma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora dutse a kan kabarin Usmanu bin Maz'un don ya riƙa gane shi, ya kuma binne iyalinsa kusa da shi. Ashe alama halal ce, ƙawa ce ba a so. Hukuncin rubutu a jikin kabari na bar wa malamaina da ke zaune a nan. Shawarwarina guda huɗu ba su taɓa wannan saɓani ba.

Na farko, kowace makabarta ta sami littafin rajista a hannun liman ko mai unguwa. A raba filin layi-layi da lamba, a rubuta sunan mamaci, sunan mahaifinsa, garin asalinsa, ranar rasuwa da lambar layinsa. Idan baƙo ne, a ƙara sunan mai masaukinsa. Kuɗin littafi da biro bai kai na buhun siminti ba.

Na biyu, matasa, wayar da ke aljihunku kyamara ce. Ku zauna gaban kakanninku da ladabi, ku nemi izini, ku tambaye su daga ina gidanmu ya taso, wa ya fara zama a unguwar nan, waɗanne baƙi suka zo suka zama 'yan gida. Ku fara da mafi tsufa, kada ku tsallake mata, don su ne suka fi riƙe dangantaka. Wanda ya taɓa aiki a masaƙar Gusau ko Kaduna, ku tambaye shi sunayen waɗanda suka koya masa aiki, ko Sinawa ne ko wasu.

Na uku, kada abin da aka ɗauka ya mutu tare da wayar. A ajiye kwafi a makarantar gari, a kai wani Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Gidan Arewa a Kaduna.

Na huɗu, kira ga masu shirya fina-finan Hausa da attajiran da ke ɗaukar nauyinsu. Labarin gidan da uba ya yi shekara talatin a gaban injin saƙa tare da ubangidansa Basine, ko na yarinyar da ta zo daga Sudan neman ƙauyen kakanta a ƙasar Gobir, zai riƙe mai kallo kamar kowane labarin soyayya, kuma zai bar masa ilimi.

Kammalawa

Iyayena da 'yan'uwana, Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Mun iya tarbar baƙo yana raye, mu ba shi ruwa da tabarma da abinci, duniya ta shaide mu a kan haka. Abin da ya rage shi ne mu cika karamcin bayan ya rasu, ta yadda duk wanda ya zo nemansa, daga Tawa ne ko daga Guangdong, zai sami amsa. Ina roƙon uban ƙasa da limamanmu su sa albarka a buɗe littafin farko a wannan gari kafin damina mai zuwa, matasa kuma su fara ɗaukar tsofaffi daga wannan mako.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na gida da waɗanda ƙasar wasu ta rufe. Allah ya zaunar da iyakarmu lafiya, ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabci da na baƙo.